Lakar da Ta Rufe Idon Tafki

Akwai wani mutum masunci da yake zaune a wani gari a bakin tafki. Sunansa Anaruwa, gama ana tsuga ruwan sama aka haife shi, sunan kuwa ya bi shi. Duk garin ba wanda ya kai shi nutso. Yakan ja numfashi ɗaya ya sauka har ƙasan tafkin, ya daɗe har na cikin kwale-kwale su fara duban juna, sa'an nan ya ɓullo yana furzar da ruwa.

Tafkin nan shi ne ran garin. Daga gare shi suke sha, da shi suke ban ruwan albasa da tattasai da rani, a nan dabbobi suke kashe ƙishi, a nan ake kama karfasa da tarwaɗa. Rafi ɗaya ne yake zuba a cikinsa daga arewa, shi ma da damina kawai, kaka na yi sai ya ƙafe ya bar yashi. Amma tafkin bai taɓa ƙafewa ba, domin can a wuri mafi zurfi, tsakanin waɗansu fararen duwatsu, akwai idon ruwa da yake ɓuɓɓugowa dare da rana. Mutanen garin duk sun san da zancen idon, amma jin labari kawai suke yi. A cikin masu rai Anaruwa ne kaɗai ya taɓa sa hannunsa a kai ya ji sanyin ruwan yana ture masa tafi. Kowace shekara bayan girbi yakan sauka ya kwashe itatuwa da ganyayen da suka taru a wurin, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda yake gode masa, shi dai yana ƙaunar idon nan kamar ɗan da ya haifa.

A bakin rafin kuma, sama da tafkin, akwai wani babban manomi mai suna Nomau. Mutum ne mai faran-faran, mai gaisuwa da hannu biyu, wanda in ana biki shi ne na fari da kai damin dawa, in an yi rasuwa shi ne na ƙarshen tashi daga tabarma. Kowa Baba Nomau, kowa Baba Nomau. Amma gonarsa ba ta taɓa isarsa ba. Wata shekara ya dubi gaɓar rafin, inda jema da gamba da itatuwan giyayya suke riƙe da ƙasa tun zamanin kakanni, ya ce a ransa, ai wannan ɓarnar fili ce. Ya sa aka sare itatuwan, aka tuge jemar, aka yi kunyoyin shuka har bakin ruwa. Bai tsaya nan ba, ya buɗe ramin buga tubali a jikin gangaren, duk ƙasar da ba ta yi masa ba a tura ta cikin rafi.

Da damina ta sauka, rafin ya zo ja wur, da kauri. Ya gangaro da ƙarfinsa har bakin tafki, sai ga abin mamaki. Daidai inda jan ruwan ya haɗu da na tafkin, sai ya ɓace, kamar an yanke shi da wuƙa. Nan ja, can garau. Nomau ya tsaya a gaɓa ya riƙe ƙugu ya yi dariya, ya ce wa masu yi masa aiki, "Kun gani ko? Ruwa ya haɗiye. Tafkin nan babban ciki gare shi, ku ci gaba da turawa."

Bayan kwana biyu Anaruwa ya sauka duba gurarsa, wato tarkon kifin da yake kafawa a ƙasan ruwa. Daga sama ruwan garau yake har rabin zurfi. Da ya ƙara yin ƙasa sai ya ji wani abu mai sanyi da nauyi ya kama masa ƙafafu yana ja. Ya buɗe ido da kyau, ya ga jan rafin nan da aka ce an haɗiye yana nan da ransa, yana rarrafe a ƙasan tafkin, yana bin gangare zuwa zurfi. Rafi ne sosai a ƙarƙashin ruwa, da kansa da wutsiyarsa, yana tafe yana binne abin da ya tarar. Karfasa takan share yashi ta yi ɗan rami kamar kasko ta zuba ƙwai a ciki, to, duk ramukan nan sun shafe. Gurarsa ma da ƙyar ya ga bakinta. Ya bi lakar da ido ya ga inda ta nufa, ashe fararen duwatsun nan ta dosa.

Ya komo gida ya tarar da matarsa Delu tana tace gasara. Ya ba ta labari yana neman kalmar da zai kwatanta abin, ya rasa. Delu ta karkata masa tukunyar da take gabanta ta ce, "Maigida, ai ba sai ka wahala ba. Dubi nan. Ruwa a sama fes, gasara a ƙasa. Mai nauyi ƙasa yake bi, kowace mace ta san wannan."

Ya ce, "To, Allah ya sa maza ma su sani."

Washegari da hantsi ya tafi wurin Nomau shi kaɗai, don ba ya so ya kunyata babba a gaban mutane. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ƙasar gonarka tana tafiya ta ƙarƙashin tafki, ta doshi ido. Na gani da idona. In aka mai da jema a gaɓa, aka daina tura ƙasar tubali, abin zai tsaya."

Nomau ya yi murmushi ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Ɗana, yawan nutso yana sa jiri. Je ka ka huta." Har ya sa aka ɗebo masa gyaɗa a ƙwarya ya kai wa iyali. Anaruwa ya bar gyaɗar a nan ya tafi, kafin la'asar kuwa gari ya ɗauka cewa masunci ya raina kyautar dattijo. Zancen laka ko mutum ɗaya bai maimaita ba.

Da ya ga haka sai ya kai ƙara wurin Sarkin Ruwa, wanda shi ne mai yanke duk wata shari'a da ta shafi tafkin. To, garin nan suna da wata al'ada da suke taƙama da ita. In wani ya yi ƙarar wani cewa ya ɓata ruwa, sai a taru a bakin tafki, Sarkin Ruwa ya shiga kwale-kwale ya je tsakiya, ya ɗebo ruwa a farar ƙwarya, ya jefa allura a ciki. In ana ganin allurar a gindin ƙwaryar, ruwa lafiyarsa ƙalau, wanda aka yi ƙara ya kuɓuta. Mai ƙara kuwa sai ya durƙusa ya shanye ruwan a gaban jama'a, ya ce, "Na ɓata wa ruwa suna, a gafarta mini." Al'adar ta yi musu aiki a da, lokacin da ɓarnar ba ta wuce masu jima su wanke fata ko masu rini su zubar da baba ba, gama irin wannan a sama take yawo.

Aka taru. Sarkin Ruwa ya tuƙa zuwa tsakiya, ya miƙa hannu ya kamfato ruwa daga sama, ya komo, ya jefa allura. Ga ta nan tana ƙyalli, har kafarta ana gani.

Anaruwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ba nan abin yake ba. A ƙasa yake. A ɗaura wa tulu dutse da igiya a zura shi, a ga abin da zai fito da shi."

Wani ya yi tsaki daga baya ya ce, "Wa ka taɓa gani yana shan ruwan ƙasan tafki?" Aka fashe da dariya.

Sarkin Ruwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya ce, "Haka muka gada, daga sama ake ɗiba. Yau don kai ba za mu sāke al'adar kakanni ba. Baba Nomau mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Kai kuma yaro ne a gabansa. Sha, a zauna lafiya."

Ku ji fa, wai a zauna lafiya. Igiya tana nan, tulu yana nan, dutse ba saya ake yi ba. Abin da ba zai ɗauke su tsawon dafa shayi ba, suka ƙi yi, don kada tulun ya fito da abin da zai sa su dubi Nomau ido cikin ido. Akwai masunta a taron nan da suka san kamunsu ya ragu, suka sunkuyar da kai suna wasa da yatsun ƙafa cikin yashi. Akwai mata da suka gane zancen sarai, aka ce ba a sa bakinsu a shari'ar ruwa.

Anaruwa ya durƙusa. Ya karɓi ƙwaryar, ya shanye, ya ce, "Na ɓata wa ruwa suna, a gafarta mini." Nomau ya matso ya ɗaga shi, ya ce da ƙarfi don kowa ya ji, "Na yafe maka duniya da lahira." Jama'a suka yi ta yaba haƙurinsa. Anaruwa bai taɓa jin ɗaci irin na ranar ba. Gaskiyarsa aka sa shi ya ƙaryata da bakinsa, kuma wanda ya yi ɓarnar shi ne ya tafi da lada. A hanyar gida ya rantse a ransa cewa ba zai ƙara buɗe baki a kan ruwan garin nan ba, ko da tafkin zai koma kunu.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Lakar da ta fi nauyi ba ta yin nisa, a bakin rafin take zubewa tana taruwa, har ta ɓullo sama ta zama sabon fili mai laushi, baƙi ƙirin da taki. Nomau ya ce wannan kyauta ce daga Allah, ya kewaye filin da ƙaya ya zuba albasa. Ƙasar da ya kwashe wa gaɓa ya watsa wa jama'a a ruwansu, ita ce kuma ya komo ya ce tasa ce, aka taya shi murna. Mai laushin lakar kuwa tana ta bin ƙasa zuwa wurin ido. Anaruwa yana sauka yana kwashewa da hannu, a da sau ɗaya a shekara, yanzu kusan kowane mako. Ba ya gaya wa kowa. In an gaishe shi a hanya, an ce yaya ruwa, sai ya ce lafiya lau.

A shekara ta uku bayan girbi, ya bi ta gefen sabon filin ya nutsa, don ya ga a kan me yake tsaye. Abin da ya gani ya sa ya kusa shaƙar ruwa. Filin nan a kan tulin laka yake, tsayinsa ya fi na mutum biyar, ya miƙe tsaye kamar katanga, fuskarsa tana duban zurfi. Jikinsa duk ya tsattsage. Ya taɓa shi da yatsa, wani gutsure ya ɓalle ya gangara yana tayar da ƙura a cikin ruwa. Ya san ran da katangar nan ta zube, ba hannun da zai iya kwashe ta daga kan ido.

Ya gaya wa Delu. Ta ajiye muciya ta ce, "Tashi ka je ka faɗa musu yanzu. An ce jibi Baba Nomau zai yi gayya a filin nan, mutum hamsin da garma, har da shanun huɗa."

Ya ce, "Na sha ƙwarya sau ɗaya. Ba na sha biyu."

Ta ce, "Maigida, fushinka da su ne, ko da idon? Shi me ya yi maka?"

Anaruwa ya ɗauki komarsa ta kamun kifi ya zauna yana ɗinkin inda ba ta yage ba. Ya san gaskiya ta faɗa, amma duk lokacin da ya yunƙura zai tashi sai ya tuna dariyar da aka yi masa a bakin tafki, ya koma ya zauna. Haka kwana biyun nan suka wuce.

Ran gayya gari ya waye tas, ba hadari ba iska. Makaɗa suka zo, samari suka jeru da garemani, aka shigo da shanu biyu na huɗa har bakin ruwa, ƙasa tana lotsawa a ƙarƙashin kofatansu ana dariya. Rana ta kusa tsaka sai aka ji filin ya motsa. Gefensa na wajen ruwa ya tsage, ya zame a hankali ya nutse, da kunyoyin albasa da shingen ƙaya. Mutane suka watse da gudu, aka ja shanun da ƙyar. Ruwan wurin ya yi baƙi, ya tafasa kaɗan, 'yar igiyar ruwa ta zo ta lashi gaɓa ta koma. Kafin a gama ƙirga mutane a tabbatar kowa yana nan, tafkin ya kwanta lumui, sararin sama yana haskawa a kansa.

Aka yi ta barka da arziki. Nomau ya share gumi ya ce, "Kunya goma ce kawai, ruwa ya haɗiye. A kawo abinci." Aka sauke tukwanen tuwo a inuwa, makaɗa suka ci gaba.

Anaruwa yana cikin kwale-kwalensa can nesa, ya ga duk abin da ya faru. Ya tuƙa zuwa tsakiya ya faɗa ruwa. Bai kai ƙasa ba ya shiga duhu, laka ta cika masa ido da hanci, tana wucewa da gudu irin wanda bai taɓa ji ba, har ta juya shi ta kusa tafiya da shi. Ya fito ya jira, ya sāke komawa. Sau bakwai yana sauka. Da abin ya lafa, ya lallaba inda ya san duwatsun suke, ya tarar da fili sumul. Ya tura hannu har kafaɗa, ba dutse. Ya kwanta da ƙirjinsa a kan lakar ko zai ji sanyin nan da ya sani tun yana saurayi, bai ji komai ba. Ya hau kwale-kwale ya zauna ya yi kuka kamar an yi masa mutuwa, ga kiɗan gayya yana tasowa daga gaɓa.

Ba wanda ya lura da wani abu sai da rani ya yi nisa. Ruwa ya fara ja da baya, ya wuce inda ya saba tsayawa, ya ci gaba. Matan da suke ɗiba a bakin gari suka koma tafiya mai nisa cikin taɓo. Albasa ta ƙone a lambuna, kifi ya taso yana haki a sama, shaho da ungulu suka yi biki. Kafin bazara tafkin da kakanninsu ba su taɓa ganin gindinsa ba ya zama ɗan kududdufi mai wari. Sai a lokacin aka tuna da Anaruwa. Ya nuna musu wurin idon, gari duka ya fito da fartanya da kwanduna, har Nomau da 'ya'yansa. Suka yi wata guda da kwana tara suna haƙa. Abin da suka kwashe da safe, kafin yamma lakar gefe ta zame ta mayar. Wata saniya ta kafe a ciki aka kasa fid da ita. Daga baya wani makiyayi ya kawo labari cewa ruwa ya ɓullo a bayan dutse, tafiyar yini biyu, a dajin da ba kowa. Idon da aka toshe ya nemi wata hanya ya tafi abinsa.

Mutane suka fara ɗaure kaya, gida bayan gida. Ran da Anaruwa yake kwance rufin ɗakinsa don ya tafi da azarar, Sarkin Ruwa ya zo ya tsaya a ƙofar gida, ya rame, rawaninsa duk ƙura. Ya ce, "An ce ka ga katangar nan tun kafin gayya. Don me ba ka zo ka faɗa mana ba?"

Anaruwa ya sauko a fusace. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni kake tambaya? Na zo. Na durƙusa a gabanka na roƙe ka igiya da tulu. Me ka ba ni?"

Sarkin Ruwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani. Amma da ka sāke zuwa."

Anaruwa ya kau da kai daga gare shi. Ya waiwaya ya ga Delu tana ɗaure tukwane, ba ta ɗago ta dube shi ba. Sarkin Ruwa da Anaruwa suka tsaya a nan, wanda ya ƙi ji da wanda ya daina faɗa.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa, kuma ba zan sa mata zuma ba.

Tafkin nan mu ne, jama'ar Ubangiji, haka kuma gidan kowane ɗayanmu. Idon ruwan shi ne ƙaunar da Allah ya sa a tsakaninmu, wadda ba mu muka haƙa ta ba, ba kuma kullum ake ganinta ba, amma ita take riƙe da mu sa'ad da rani ya yi tsanani. Lakar kuwa ita ce muguntar da muke turawa a ɓoye muna cewa ta wuce. Maganar da ka yi a kan ɗan'uwanka a bayan idonsa, iyakar gonar gwauruwa da ka matsa da taku ɗaya, marin da ka yi wa matarka sa'an nan ka zo ka zauna a layin gaba kana rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa. Ka duba ka ga ba abin da ya faru, an gaishe ka kamar kullum, ka ce ruwa ya haɗiye. Ina gaya maka, bai haɗiye ba. Abin yana nan yana tafiya a ƙasa, cikin zuciyar wanda ka cuta, cikin zukatan 'ya'yanka da suke kallo ba su ce komai ba. Yana taruwa shekara a kan shekara, kuma ran da zai zube ba lalle ne a ga hadari ba.

Nomau yana cikinmu, amma ba shi ne ya fi ba ni haushi ba. Mai haɗama kullum akwai shi. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu ƙwarya, wato mu dattawa, da ni da nake wannan magana. Sau nawa aka kawo mana kuka muka ɗiba daga sama? Muka dubi yadda mutum yake zuwa sujada, da yadda yake gaisuwa, da buhun masarar da ya kawo ran godiyar kaka, muka ce ai wane ba zai aikata haka ba. Sa'an nan muka juya kan wanda aka cuta muka ce ya ba da haƙuri, don shi ne ƙarami, ko don ita mace ce, ko don ba shi da kowa. Muka sa wa wannan suna zaman lafiya. Zalunci ne, kuma Allah ba ya shan ruwan ƙwaryarmu. Shi yana gani har ƙasa. In an kawo muku ƙara, ku zura igiya, ko da abin da zai fito zai ɓata muku rai da wanda kuke jin nauyinsa.

Kai kuma Anaruwa, wanda ka faɗi gaskiya aka kunyata ka, na san zafin da kake ji, ba kuma zan ce maka ba komai ba ne. An cuce ka. Amma ka lura, fushin da ka haɗiye shi ma laka ne, shi ma ƙasa yake bi. Ran da ka ce bari su gani, ba su kaɗai za su gani ba, gama tafki ɗaya kuke sha, kai ma za ka kwance rufin ɗakinka. Koma ka sāke faɗa. In sun yi dariya, ka ɗauki mutum biyu ka koma. Kunyar durƙuso ta yini ɗaya ce, ƙauna kuwa in ta ƙaura daga gida, ba kowa yake samun ta komo ba.

Mu mutane ne masu gaisuwa, abin kirki ne kuwa. Ina kwana, lafiya lau. Ina gajiya, ba gajiya. Yaya gida, lafiya lau. Amma kun san akwai waɗanda suke ce mana lafiya lau alhali ba lafiya. Akwai kujerar da ta yi wata huɗu ba mai zama a kanta a ɗakin sujadar nan, kun san mai ita, da yawanku kun san abin da ya kore ta, kun kuma yi shiru. Kada ku jira wani Lahadi. Ku je gidanta, ku zauna a tabarma, in ta ce lafiya lau kada ku miƙe ku kama hanya. Ku ƙara tambayarta, ku kuma saurari abin da za ta faɗa har ta gama, ko da sunanku ne zai fito a ciki.